Yadda Ake Zagayen Zinare na Ayislan a Wuni Ɗaya Daga Jirgin Ruwa, a Dawo Kan Lokaci

Tun da mutanenmu suka fara shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, masu tashi daga Ingila ko Jamus su nufi arewa, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini. Jirgi zai tsaya a Reykjavik, babban birnin Ayislan, daga safe zuwa yamma. Shin mutum zai iya fita ya ga ruwan zafin nan mai tsartuwa sama, da magangarar ruwan da ake gani a hotuna, ya kuma dawo jirgi bai tafi ya bar shi ba?

Zai iya. Daga Mayu zuwa Satumba kusan kullum ana yi. Hanyar ita ce ake kira Zagayen Zinare, sunan da za ka nema a intanet kuwa shi ne Golden Circle. Tafiya ce ta kusan kilomita 250, fita da dawowa, da manyan zango uku: Thingvellir, Geysir da Gullfoss. Wanda ya sauka a otal yana iya yin ta yadda ya ga dama. Fasinjan jirgi kuwa da agogo yake tafiya, kuma duk tsarin da ke ƙasa a kan wannan agogon na gina shi.

1. Biza tukuna

Ayislan tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan sai da bizar Shengen zai taka ƙasar, ko da awa uku zai yi. Kuɗin bizar babba Yuro 90 ne, kuma ana neman inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000.

Inda ake yin kuskure shi ne a nau'in bizar. Ɗauko jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan zai shiga Shengen, ya fita zuwa wata ƙasa, ya sake shigowa, bizar shiga sau ɗaya ba za ta ishe ka ba, sai mai shiga sau da yawa. Ingila ba ta cikin Shengen, bizarta daban. Tsibiran Faro da Girinlan ma ba sa ciki, duk da alaƙarsu da Denmak, kuma jirage da yawa masu zuwa Ayislan suna ratsawa ta can.

Gargaɗi: kada ka ce ai a tashar da ba ka da bizarta sai ka yi zamanka a cikin jirgi. Kamfanonin jirage sukan duba takardun tafiyar gaba ɗaya tun ranar hawa, kuma suna iya hana mutum shiga saboda tasha ɗaya tak.

2. Fara lissafi daga ƙarshe

Lokaci biyu ne a takardar jirgi, kuma mutane suna rikita su. Akwai lokacin tashi, akwai lokacin da ake son kowa ya kasance a ciki, wanda yawanci yakan riga na tashi da rabin awa. Na biyun shi ne naka. Daga shi sai ka sake cire awa ɗaya cur, ka ajiye saboda abin da ba a fata: tayar da ta yi faci, fasinjan da ya ɓace a shagon tsaraba, cunkoso a bakin gari.

Misali, jirgi ya iso ƙarfe 8 na safe, zai tashi 6 na yamma. Ana rufe ƙofa 5:30. Kai kuma ka sa a ranka 4:30 kana tasha. Da safe ma ba a buɗe ƙofa da zarar jirgi ya jingina. Sai hukuma ta ba da izini, sai an bi layi, don haka kafin mota ta ɗaga 9 ta yi. Abin da ya rage a hannunka awa bakwai da rabi ne. Tuƙi kaɗai zai ci kusan huɗu daga ciki. Saura uku da rabi, su ne na kallo, da cin abinci, da bayan gida, da salla.

Idan tsayuwar jirginka ba ta kai awa takwas ba, shawarata ka haƙura da zagayen gaba ɗaya, ka je Thingvellir kaɗai ka dawo. Idan kuma jirgin kwana zai yi a Reykjavik, kamar yadda wasu suke yi, to ka huta: yi zagayen a ranar farko.

Gargaɗi game da agogo: Ayislan tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya, duk shekara, ba ta canzawa. Amma agogon da jirgi ke bi shi ne hukunci. Kafin ka sauka, daidaita agogon hannunka da na jirgi. Waya takan sauya lokaci da kanta ba tare da ta yi shawara da kai ba.

3. Wa zai kai ka?

Hanya huɗu ce, kuma a nan kuɗi ke magana.

Ta farko ita ce yawon da kamfanin jirgin ke sayarwa da kansa. Shi ya fi tsada a cikin na haɗaka, sau da yawa yakan ninka na waje. Babbar bas ce mai cin mutum arba'in ko hamsin, kuma duk inda aka tsaya sai an jira na ƙarshe. Amma abu ɗaya kake saya da wannan ƙarin kuɗin: idan bas ɗin ta makara, jirgi zai jira ta, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Idan kuma iska ta hana jirgi tsayawa a Reykjavik, kuɗinka zai dawo ba tare da ka bi kowa ba.

Ta biyu ita ce ƙaramar bas ta kamfanonin cikin gari, mai ɗaukar mutum goma sha zuwa ashirin. Ka yi tanadin abin da ya kama daga dala 80 zuwa 150 a kan mutum ɗaya, gwargwadon kamfani da abin da aka haɗa. Ta fi sauri, kuma kana jin jagora da kyau. Sai dai jirgi bai san da zamanka ba.

Ta uku mota ce taka kai kaɗai da direba wanda shi ne jagora. Ɗaruruwan daloli ne, wani lokaci ta haura dubu. Ga mutum ɗaya ɓarna ce. Ga iyali mai mutum biyar ko shida kuwa, in aka raba, ba ta yi nisa da farashin jirgi ba, ga shi kai ke cewa a tsaya, kai ke cewa a tafi. Wanda ya taho da tsoho ko da ƙananan yara, wannan ce tasa.

Ta huɗu ita ce hayar mota ka tuƙa da kanka. Titunan suna da kwalta, ana tuƙi a hannun dama kamar gida. Duk da haka ban ba fasinjan wuni ɗaya wannan shawarar ba. Karɓar mota da mayar da ita za su cinye maka awa guda, ga kuɗin ajiye mota a zango, ga tumaki da ke tsallaka titi a lokacin zafi ba ruwansu da kowa.

Ni dai ga yadda nake gani. Mai fasfo irin namu, wanda karo na farko ke nan da ya hau irin wannan jirgi, kuma tasha ta gaba tana wata ƙasa, ya rufe ido ya biya na jirgi. Baturen da ya makara zai sayi tikitin jirgin sama ya tari jirginsa a gaba. Kai kuwa sai ka fara tambayar ko bizarka ta yarda ka sauka a filin jirgin saman ƙasar. Idan tasha ta gaba a cikin Ayislan take, kamar Akureyri ko Isafjordur, kuma tsayuwar ta kai awa tara ko goma, ƙaramar bas ta fi daɗi nesa ba kusa ba.

4. Abin da za ka tambaya kafin ka biya

Wannan matakin na wanda ya zaɓi kamfanin waje ne. Rubuta musu, ka faɗi sunan jirginka da ranar isowa da lokacin rufe ƙofa, ka nemi amsa a rubuce.

Tambaye su ko a bakin tashar za su ɗauke ka. Manyan jirage a Skarfabakki suke tsayawa, kimanin kilomita 4 daga tsakiyar gari. Ƙanana kan shiga tsohuwar tasha da ke cikin gari. Yawon da aka tsara wa mazauna otal daga cikin gari yake tashi, kuma bai damu da lokacin jirginka ba. Nemi wanda aka rubuta cewa na fasinjojin jirgin ruwa ne, mai alkawarin mayar da kai kan lokaci.

Tambaye su me zai faru da kuɗinka idan jirgi bai tsaya ba, ko ya iso a makare. Tekun arewa ba shi da tabbas, kuma kyaftin yana iya soke tasha da daddare.

Sannan ka tambayi tsarin zango. Yawancin motoci da Thingvellir suke farawa, su ƙare da Gullfoss, wadda ita ce mafi nisa, kimanin kilomita 120 daga gari. Ga fasinjan jirgi wannan a juye yake. Abin da kake so shi ne ka gama da nesa da safe, yamma ta same ka kana matsowa kusa da jirgi. Daga Thingvellir zuwa tasha bai kai awa ɗaya ba. Daga Gullfoss kuwa ya kusa biyu. Idan mota ta lalace ƙarfe uku, ka ga bambancin. Ƙari a kan haka, za ka kauce wa ayarin manyan bas da suka taso tare da kai. A wannan juyayyen tsarin zan bi da kai a ƙasa. Idan kamfaninka na gargajiyar yake bi, bayanin kowane zango bai canza ba.

Gargaɗi: kada ka yarda a cusa maka wurin wankan nan na Blue Lagoon a rana ɗaya da zagayen. Yana wani ɓangare daban, kudu maso yamma da gari, kusan kilomita 50. Hankali ɗaya ba ya tafiya biyu.

5. Daren jajibiri: haɗa jaka

Zafin Ayislan a tsakiyar Yuli bai cika wuce digiri 12 ko 13 ba. Ka ƙaddara asubar hunturu ce mai tsanani, sai dai an haɗa ta da yayyafi da iska. Rana tana iya fitowa, ruwa ya sauko, hazo ya rufe, duk kafin azahar.

Sutura hawa uku ake yi: ta ciki mai kama jiki, rigar sanyi a kai, sai rigar ruwa mai hula a waje. Takalmi rufaffe mai ƙasa mai kama dutse, da safa mai kauri. Hular sanyi da safar hannu ba za su yi yawa ba. Babbar riga da hula ƙube a bar su a ɗaki sai liyafar dare. Hajiya ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin abaya, ta zaɓi hijabi gajere ko mayafin da za a iya cusawa cikin rigar ruwa, domin iskar Gullfoss ba ta san girma ba. Lema kuwa kada ma a ɗauko, iska za ta juya ta a minti ɗaya.

A jaka: katin jirginka, wanda da shi kake fita da shi kake shiga, fasfo, ko hotonsa da na biza idan jirgi ya riƙe na ainihin, takardar shirin rana da ake sa wa a ɗaki, domin a jikinta akan rubuta lambar wakilin jirgi a tashar, shaidar biyan kuɗin yawon, maganin da kake sha, abin cajin waya, gorar ruwa, ƙaramar dadduma. Ƙara wata 'yar gora daban, domin ba za ka tarar da buta a bayan gidansu ba.

Kuɗin ƙasar krona ne, amma ba sai ka yi canji ba. Da kati ake biyan komai, har bayan gida a wuraren da ake biya. Katin dala ya fi kwanciyar hankali, kuma ka gwada shi a wata tasha tun kafin ranar. Ba al'adarsu ba ce a ba direba ko mai kawo abinci tukwici. In ka ba jagora don ka ji daɗinsa, alheri ne.

Gargaɗi: kilishi da dambun nama kada su sauka tare da kai. Dokar shigo da nama daga wajen Turai tana da tsauri. Dabino da biskit sun isa riƙe ciki.

6. Sauka daga jirgi

Karya kumallo da wuri, ka ci sosai, ka yi alwala. Masu yawon jirgi ana tara su a wani zaure, a manna musu lamba, a fitar da su rukuni-rukuni, kuma sau da yawa su ake fara fitarwa. Mai kamfanin waje ya je bakin ƙofa da wuri ya shiga layi.

A waje za ka tarar da motoci jere, masu jagora riƙe da alluna. Kafin ka hau, sake faɗa wa jagora lokacin rufe ƙofar jirginka, da bakinka. Wani lokaci jirage biyu ko uku ne a tashar, kowanne da lokacinsa, kuma a mota ɗaya ana iya haɗa fasinjojinsu. Ɗauki hoton lambar motar da lambar wayar jagora. A zango za ka ga fararen bas ashirin kamar an haife su rana ɗaya.

Ɗaura bel, doka ce ko a bas. Wayarka kuma, muddin kana kan teku, a bar ta a yanayin jirgin sama, domin layin da jirgi ke bayarwa ta tauraron ɗan'adam yana cin kuɗi kamar wuta. Sai ka taka ƙasa sannan ka kunna. Lambar gaggawa a ƙasar 112 ce.

7. Kerid, minti ashirin da biyar

Mota za ta bi titi mai lamba 1, ta haye tudun Hellisheidi inda za ka ga tururi na tashi daga tashar lantarki mai aiki da zafin ƙasa, ta gangara ta gefen garin Hveragerdi, ta kama titi mai lamba 35. Cikin kusan awa ɗaya kuna Kerid, ƙaramin zango ƙari a kan manyan ukun.

Tsohon bakin dutse ne mai aman wuta, zurfinsa kimanin mita 55, bangonsa ja, ƙasansa tafki mai launin shuɗi-kore. Nan ne kaɗai ake biyan kuɗin shiga a wuraren nan huɗu, kuma kaɗan ne, bai kai dala goma ba. Tambayi ko yana cikin kuɗin yawonka. Zagaya bakinsa ka ɗauki hoto. Akwai matakala zuwa bakin ruwan, amma hawowa yana cin numfashi da lokaci. Idan an taso a makare, wannan zangon za a fara yankewa, kuma ba asara ba ce babba.

8. Gullfoss, minti arba'in da biyar

Daga Kerid kusan minti hamsin ne. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji rugugi. Kogin Hvita ne, wanda ke fitowa daga narkewar tulin ƙanƙarar Langjokull, yake faɗowa hawa biyu: na farko mita 11, na biyu mita 21, sannan ya shige wani matsattsen kwazazzabo har ka ga kamar ƙasa ce ta haɗiye shi. Idan gari ya waye sarai, kana hango farin ƙanƙarar can arewa.

Wurin ajiye mota biyu ne, na sama inda shago da gidan abinci da bayan gida suke, da na ƙasa, da doguwar matakala a tsakani. Tabbatar a wanne za a jira ka. Na ga dattijon da ya tsaya a na ƙasa yana ta duba agogo, mu kuma muna sama muna ƙirga kai, har minti ashirin suka tafi a banza.

Fara da hanyar ƙasa, wadda ke kai ka har kan dutsen da ke gefen ruwan. Zuge rigar ruwa tun kafin ka shiga, domin feshin zai jiƙa ka sharkaf, kuma idan akwai rana a cikin feshin nan bakan gizo ke fitowa. Daga nan ka hau sama ka ga faɗin wurin gaba ɗaya. Mai ciwon gwiwa ya tsaya a sama, bai rasa komai ba.

Gargaɗi: igiyar da aka ja a gefen hanya ba ado ba ce. Dutsen jiƙaƙƙe ne, yana da santsi, kuma babu mai iya ciro mutum daga wannan kwazazzabon. Yara a riƙe hannunsu. Idan an rufe hanyar ƙasa, an rufe ke nan.

9. Geysir: kallo, abinci, salla

Kilomita goma ne kawai daga Gullfoss. A nan za ka fi daɗewa, awa ɗaya da kwata in an samu.

Warin baragurbi zai tare ka. Farar wuta ce da ke cikin tururin, ba ta cutarwa a fili haka. Babbar maɓuɓɓugar da wurin ya ci sunanta, Geysir, ta daɗe ba ta tashi sai jefi-jefi, kada ka ɓata lokaci a gabanta. Ƙanwarta Strokkur ce mai aikin. Duk bayan minti biyar zuwa goma takan watsa ruwa sama mita 15 zuwa 20, wani lokaci fiye.

Ga yadda ake kallonta. Da farko duba inda tururi ke karkata, ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ba inda take zuwa ba. Za ka ga wani gefen ƙasa a jiƙe babu kowa a tsaye, da dalili. Sai ka zuba wa bakin ramin ido. Ruwan zai riƙa hawa yana sauka kamar mai numfashi, can sai ya kumbura ya yi wani shuɗin ƙoƙo, cikin ƙiftawar ido ya fashe. Wannan kumburin shi ne abin kallo, kuma mai jiran ya ga tsartuwa kafin ya danna waya ya riga ya makara. Bari na farko ya wuce ka gani da idonka, na biyu ka kunna bidiyo ka jira. Wani lokaci takan yi biyu a jere, don haka kada ka juya baya da wuri.

Gargaɗi: wanda ya san Wikki a Yankari, inda ruwa ke digiri 31 ana wanka, ya cire wannan daga ransa. Ruwan nan digiri 80 zuwa 100 ne. Har ɗan siririn da ke malala a gefen hanya yana iya saɓule fata. Kada a sa yatsa don gwaji, kada a jefa komai a rami, kada a bar hanya.

Tsallaken titi akwai wuraren cin abinci. Tsada kam akwai ta: kwanon miya da burodi yana iya cin dala 20 ko fiye. Mai kiyaye halal ya nemi kifi ko miyar ganye, ya kuma tambaya ko an sa giya ko naman alade. Tsiren burodin nan nasu da ake kira pylsa, wanda kowa ke yabo, haɗin naman rago ne da na sa da na alade, a kiyaye. Wasu kamfanoni kan tsaya cin abinci a Fridheimar, gonar tumatir ta cikin gilashi, inda ake shan miyar tumatir da burodi. Wuri ne mai kyau, amma sai an kama gurbi tun da wuri kuma yana cin lokaci. Ruwan famfo mai sanyi ka cika gorarka da shi kyauta, ya fi na kwalba.

Batun salla ya fi yadda ake tsammani sauƙi. A Ayislan rana ba ta karkata sai wajen 1:30, la'asar kuma a watannin zafi sai wajen shida, magariba a ƙarshen Yuni sai kusan sha biyun dare. Ke nan azahar kaɗai ce ke faɗowa cikin tafiyar. Ko ka yi ta a zango na gaba a wani gefe mai natsuwa, ko ka dawo jirgi 4:30 ka yi ta lokacinta bai fita ba. Alƙibla gabas ce, ka ɗan karkata kudu. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa, ka ji ta bakin malaminka tun kana gida.

10. Thingvellir, awa ɗaya

Daga Geysir kusan awa ɗaya ce, ta garin Laugarvatn. A allunan hanya ba za ka ga Th ba, za ka ga Þingvellir. Harafin farkon nan ana furta shi kamar ث na Larabci, wanda ya yi allo ba zai sha wahala ba.

Nan ne manyan ɓangarori biyu na doron ƙasa, na Arewacin Amurka da na Turai da Asiya, suke janyewa daga juna, kimanin santimita 2 a shekara, ƙasa tana tsagewa a tsakani. Nan ne kuma majalisar ƙasar ta fara zama a shekarar 930, a nan aka ayyana jamhuriya a 1944, kuma UNESCO ta sa wurin a jerin kayan tarihin duniya a 2004.

Yawanci jagora zai sauke ku a Hakid, dandalin kallo na sama. Tsaya minti biyar ka kalli tafkin Thingvallavatn da kwarin gaba ɗaya. Bayan gida yana nan, yi amfani da shi. Sai ka gangara cikin Almannagja, tsagar da ke da baƙin bangon dutse a hagunka. Gaba kaɗan za ka ga sandar tuta, alamar inda ake jin a nan ake karanta doka a da. Idan da sauran lokaci, ƙara gaba zuwa 'yar magangarar ruwa ta Oxararfoss; idan saura minti ashirin, bar ta.

Za ka ga masu buɗe hannu a cikin tsagar suna cewa sun taɓa Amurka da Turai a lokaci ɗaya. Hoto ne dai mai kyau. Bangon nan gefen Amurka ne, ɗaya gefen yana can tsallaken kwarin, kilomita da dama.

Gargaɗi: sau da yawa mota ba ta jira a inda ta sauke ku. Takan zagaya ta jira a wurin ajiye motoci na ƙasa, kuma wuraren suna da lambobi. Riƙe lambar da jagora ya faɗa. Gansakukar da ta lulluɓe duwatsu kuma kada a taka, shekaru da yawa take ɗauka kafin ta farfaɗo.

11. Komawa tasha

Ƙarfe 3:30 ya kamata mota ta ɗaga, ta bi titi mai lamba 36 ta garin Mosfellsbaer. Idan lokaci ya yi jagora bai motsa ba, yi magana cikin ladabi, amma ka yi. Kada ka bari a ja ka zuwa ganin dawaki ko shan askirim a wannan lokacin, kuma kada ka ce a sauke ka cikin gari ka ɗan yi sayayya sai in kana da awa biyu a hannu.

Idan ta tabbata za ku makara, kira lambar wakilin jirgi tun kana hanya, ka faɗi sunanka da lambar ɗakinka da inda kuke. Ba alkawari ba ne za a jira, amma kyaftin da ya san saura minti goma ka iso ya fi wanda bai san inda kake ba. Idan jirgi ya riga ya tashi, nemi wakilin a tashar, domin in fasfonka yana hannun jirgi wurinsa akan bar shi. In tasha ta gaba Akureyri ce, akwai jirgin sama daga ƙaramin filin cikin Reykjavik, tafiyar kusan minti 45, ko mota kusan awa biyar, duk daga aljihunka.

A bakin tasha za a duba katin jirginka, jakarka ta bi ta na'ura. Tabbatar an danna katin kowane mutum a iyalinka, har na yara, domin da shi jirgi ke sanin kun dawo. Rigar ruwa da takalmi a shanya su a banɗakin ɗaki. In gobe Akureyri ce, da safe za ka sake neman su.